Ƙarfe Kunya Gare Shi

Jiya ɗayanku ya tsaya a bakin rumfar nan da waya a hannu, ya kalle ni ina ƙera gatari, ya ce wa abokinsa wai ƙira ba wani abu ba ce, wuta ce kawai da duka. Abokin ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki, tsoho ya kewaye kansa da zana yana zaune cikin duhu sai ka ce mai haɗa asiri. Na ji ku sarai. Ban tanka ba ne don ƙarfena na cikin wuta, kuma mai ƙarfe a wuta ba ya hira. Yau mai gawayi bai iso ba, don haka ku jawo bencin nan ku zauna in ba ku amsar duka biyun. Sunana Garba, amma daga Tsafe har nan Gusau in ba ka ce Garba Maƙeri ba, ba wanda zai nuna maka ni.

Aikin farko da mahaifina ya sa ni da hannuna ba aiki ba ne, tarko ne. A wani ƙauye muke kusa da Bilbis, na shekara bakwai ina zuga masa wuta, na fara ganin kaina gwani kamar yadda kuke ganin kanku yanzu. Ran nan Baba ya jefo mini guntaye uku: sifirin mota, da kan famfo na tagulla, da ɓallin tsohon injin niƙa. Ya ce in baje kowanne ya yi faɗi kamar tafin hannu. Na ce a raina wannan ai kafin hantsi na gama. Na sa su a wuta suka yi ja, na ɗauko sifirin na doka, ya baje lafiya lau. Na ɗauko tagullar na sakar mata masaba, sai ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Na ɗauko ƙarfen injin na ƙara ƙarfi don haushi, ya tarwatse, wani ɓalli ya same ni a ƙwauri. Ga tabon nan, ku duba. Baba ko kallon jinin bai yi ba. Ya ce, "Duka sunansu ƙarfe, kamar yadda ni da kai da ɓarawon akuya duka sunanmu mutum."

Abin da yake nufi, babu ƙarfen da yake shi kaɗai. Kowanne an gauraya shi da wani abu tun inda aka narka shi, kuma abin da aka gauraya masa shi ne halinsa. A sanyi halin ɓoye yake, sai ya ji wuta yake fitowa. Rodin gini mai haƙuri ne, duk inda ka juya shi zai bi, amma har abada ba zai riƙe kaifi ba. Jan ƙarfe in ka gasa shi ka tsoma a ruwa laushi yake yi, sifirin kuwa a ruwan nan ɗaya zai yi taurin da har ya tsage. Alminiyam munafuki ne, ba ya ja, ba ya nuna komai, kana tsaye kana jiransa sai ka ga ya zube cikin garwashi. Bututun ruwa mai farin shafi, in ka shaƙi hayaƙinsa zazzaɓi zai kwantar da kai. Duk waɗannan ba a waya na gani ba, jikina ne ya gaya mini.

Mu ba mu da ma'aunin zafi, ido ne ma'auninmu. Baba sunayen kayan cefane ya ba launukan don kada in manta. In ƙarfe ya fara ja mai duhu-duhu, jinin rago ke nan. Daga nan sai tattasai, ja sosai. Daga nan manja, daga nan gwaiduwar ƙwai. In ya wuce gwaiduwa ya yi fari yana tartsatsi, to yi masa salati, ya ƙone. Sifirin a manja ake dukansa, lokacin yana tafiya ƙarƙashin masaba yadda kake so. In ya sauko jinin rago ka ci gaba da duka don ƙyuyar mayar da shi wuta, zai tsage daga ciki, kuma ba za ka gani ba sai a gonar mai shi. Ana cewa da zafi-zafi akan daki ƙarfe, gaskiya ne, amma masu faɗa ba su san zafin iri-iri ne ba.

Kuma duka ba shi ne aikin ba. Aikin yana wurin abin da muke kira shayarwa a gidanmu, wato lokacin da za ka tsoma abin da ka ƙera cikin baƙin mai don ya yi tauri. Wannan a tattasai ake yinsa, ba sama ba ƙasa. In bai kai ba, ba zai yi tauri ba, zai lanƙwashe a aiki. In ya wuce, zai yi taurin banza irin na kwalba. Karya ka duba cikinsa, ba ya ƙarya. Wanda aka shayar daidai cikinsa toka-toka ne, lukui kamar garin da aka tankaɗe. Wanda ya sha wuta fiye da kima ƙwayoyinsa kumbura suke yi, suna ƙyalli kamar tsakin masara, kuma tsaki ba ya riƙe juna. Bayan shayarwa sai ka goge bakin da dutse, ka ɗora bayan a kan garwashi, ka zuba ido launi ya tafo daga ruwan zuma zuwa wuyan tattabara, ka tsayar da shi nan. Wannan ke rage masa zafin rai, har ya iya haɗuwa da dutse bai karye ba.

To, yanzu maganar zana. Maƙerar Baba ƙasa-ƙasa take, sai ka sunkuya za ka shiga, kuma a bakin ƙofar akwai zana a naɗe. Duk sanda zai yi shayarwa sai ya daka tsawa, "Saki zanar!" A sake ta, wuri ya yi duhu, sannan ya zaro ƙarfen. Na tambaye shi dalili tun ina yaro, ya ce, "Ƙarfe kunya gare shi, ba ya faɗin gaskiya a sarari." Duk garin sun ɗauka lokacin ne yake tofa wani abu da ba ya so a gani. Ni ma haka na ɗauka. Na yi ta jira ya ba ni kalmomin da ake tofawa, har Allah ya yi masa rasuwa bai ba ni komai ba. Na ce ko dai ya tafi da abinsa, ko dama canfin mutanen da ne. Na ci gaba da sakin zana don sabo kawai, kuma aikina ya yi ta kyau. Alamarmu ɗigo uku ce da muke bugawa a gindin kowane aiki, tun daga kakana. Manomi in ya juya fartanya ya ga ɗigo uku, ba ya ma tayawa sau biyu.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, ba sai na ba ku labari ba, kowannenku akwai nasa a gida. Bayan an gama kaka muka tattaro. Abin da na fara ɗorawa a amalanke uwar maƙera ce, wannan da kuke gani, wadda ake dukan ƙarfe a kanta. Ta kakana ce, mutum biyu ke ɗaga ta, kanta ya yi santsi don duka. Muka kai ta Tsafe, daga nan mota ta kawo mu Gusau, ni da iyalina da Ɗanjuma. Ɗanjuma ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina, shi ke juya mini wilin zuga tun muna samari, kuma bakinsa ya fi wilin gudu. Wani bawan Allah ya ba mu fili a bayan Sabon Gari, muka kafa dirkoki huɗu dogaye muka ɗora kwano. Iska ta ko'ina, haske ta ko'ina. Wallahi daɗi na ji, na ce yau na huta da hayaƙin ramin nan.

Ɗanjuma ya ɗaga kai ya dubi kwanon ya ce, "To gwani, ina za mu rataya zanar?"

Na ce, "Wace zana? Ka ga masu walda can suna aiki a fili, me ya same su? Baƙo in ya ɓoye kansa wa zai san da shi? Kuma mun zo birni, kada a ce maƙeran ƙauye sun zo da tsafi."

Ya ce, "Shi ke nan, kai ne ɗan gado, ni ɗan juya wili ne."

Da bazara muka shiga aikin bakin garmar shanu, wato ƙarfen da ke tsaga ƙasa in ana huɗa. Tsofaffin masu sayen kayana suka neme ni har nan. Na lura ƙarfe yana yi mini laushi ƙarƙashin masaba fiye da da, duka uku ya yi abin da a gida sai biyar. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce wa Ɗanjuma shinkafar birni ce ta karɓe ni, ƙarfi ya ƙaru. Ya ce in ƙarfi ne me ya sa matata ke ɗaga mini bokiti. Muka yi dariya muka wuce. Na shayar da su duka a abin da idona ya ce tattasai ne, na buga ɗigo uku, aka kwashe.

Ruwa ya sauka, ba a yi kwana goma ba sai ga Malam Bello da buhu a kafaɗa. Malam Bello Bafulatani ne daga gefen Kwatarkwashi, yana kiwo yana noma, kuma gonarsa a gindin duwatsu take, ƙasar cike da tsakuwa. Ubansa a wurin Baba yake sayen garma, shi kuma a wurina. Muka gaisa, ya tambayi baƙunta, ya tambayi iyali, bai yi gaggawa ba. Sannan ya zazzage buhun a gabana. Bakin garma ne, ya karye gida biyu.

Ya ce, "Malam Garba, na je tada kunya, na sha kunya. Ko layi uku ba mu yi ba ta ce ƙas. Shanu na tsaye, yara na tsaye, maƙwabta na kallo."

Na ɗauki ɓallin na duba cikinsa. Tsaki ne zalla, yana ƙyalli. Na san ma'anarsa, ƙarfen ya sha wuta, amma ni na san a tattasai na cire shi, da idona na gani. Na ba shi haƙuri na ba shi wata. Ita ma kwana biyu ta yi. Sai da ya jira maƙwabcinsa ya gama ya ara masa, kuma kun san wanda ya yi huɗa da aron garma, a bayan kowa yake shuka. A shekarar nan rumbunsa bai cika ba, kuma ni ne sanadi.

Ba shi kaɗai ba ne. Buhu ya yi ta zuwa, daga Bungudu, daga Tsafe, har karyayyun suka yi tudu a bayan rumfa. Na ce gawayi ne, na aika aka nemo mini na ƙirya irin wanda muke amfani da shi a gida, bai canza ba. Na ce sifirin motocin yanzu ne ba ya jure wuta, na bi 'yan gwangwan na tono na tsohuwar babbar mota, bai canza ba. Na canza mai. Na je aka duba idona, aka ba ni tabarau, aka ce ido lafiya lau daidai shekaruna. Na gwada cire ƙarfe tun yana jinin rago, sai wani ya yi kyau wani ya karye, duka daga sifirin ɗaya, duka a rana ɗaya. Wannan ne ya fi haukata ni. Da duka ke karyewa da na san inda zan kama, amma yau ya yi gobe bai yi ba, sai ka ce ana wasa da ni.

Mutane kuwa ba su rasa bayani ba. Aka ce baiwar a ƙauye ta tsaya, ba ta shiga mota ba. Aka ce tsohon ya tafi da asirinsa, abin da ya rage a jikin ɗan ne ya ƙare. Wata ranar kasuwa a Bungudu ina tsaye bayan wani mai sayar da kayan noma da nake ba sari, wani manomi ya ɗauki fartanya ya jinjina, ta yi masa. Ya juya ta ya ga ɗigo uku, sai ya ajiye a hankali ya ɗauki ta kusa da ita. Bai san ni ba. Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ajiye fartanyar nan ba. Alamar da kakana ya gina, ubana ya riƙe, a hannuna ta zama alamar kada ka saya.

Daga nan na daina taɓa sifirin. Rani guda cur ina lanƙwasa rodi, ina yin murhun gawayi da maratayin nama da turken awaki, aikin da ba ya buƙatar kaifi. Ɗanjuma ya daina tsokanata, wannan ma ya dame ni, don taubashin da ya fara tausayinka to abin ya kai. Da bazara ta sake zagayowa na yanke shawara. An samo mini gadi a wani shagon siminti. Na kira wani ɗan gwangwan na nuna masa uwar maƙera, ya ƙwanƙwasa ta ya ce ƙarfe ne mai kyau, zai zo da sikeli da baro ran Alhamis bayan la'asar. Na ce gara a narkar da ita da in ci gaba da zubar mata da mutunci. Ɗanjuma ya ce in na sayar da ita kada in ƙara kiransa ɗan'uwa. Na ce ai dama bakinka nake so in huta da shi. Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi sai ga Malam Bello, da fallen sifirin a ɗaure bayan babur ɗin da ya ɗauko shi. Ya ajiye a gabana ya ce bakin garma yake so.

Na ce, "Malam Bello, ka ji tsoron Allah ka ƙyale ni. Na cuce ka bara, ba zan ƙara ba. Ga masu ƙira nan cike da gari."

Ya ce, "Na je wurinsu. Tasu ba ta karyewa, lanƙwashewa take yi, kullum ina miƙe ta da dutse. Ƙasata sai taku. Aradu ubanka ya yi wa ubana garmar da har ta suɗe ba ta tsage ba. Hannun nan ɗaya ne. Ka yi mini guda, in ta karye ni na sa ka."

Na ce yau ma za a zo a ɗauki uwar maƙera. Ya dube ta, ya dube ni, ya cire takalmi ya zauna a tabarma ya ce to kafin a zo. Sai na ji wili na juyawa a bayana. Ɗanjuma ya riga ya hura wuta.

Na yanke sifirin, na baje, na fitar da baki, na huda wurin ƙusa. Rana ta take, zafi kamar me, irin zafin da ke kiran ruwa. Bayan azahar aka zo shayarwa. Na mayar da ƙarfen wuta ina leƙawa, ina jira ya kai tattasai. Ashe hadari na haɗowa daga gabas ban kula ba, hankalina na kan garwashi. Na ga ya kai, na sa awartaki na zaro shi, na juya zan nufi garwar mai. Daidai nan hadarin ya rufe rana, gari ya yi duhu lokaci guda. Sai ƙarfen da ke hannuna ya kama haske. Abin da na zaro a matsayin tattasai, ga shi nan manja sak, gefen bakin har ya taɓa gwaiduwa.

Na tsaya cak, ƙarfe a sama. Ɗanjuma ya ce, "Tsoma mana, zai huce!" Na ce, "Yi mini shiru. Dubi wanga ƙarfe. Wane launi ka gani?" Ya duba ya ce manja. Na ce, "Da na zaro shi fa?" Can ya ce, "La'ilaha illallahu. Zanar!"

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, to ni nawa rashin sanin haske ne ya kawo shi. Rana ce ke cinye launin. A cikin haske ƙarfe ya riga ya wuce inda kake so amma idonka na ganin bai kai ba, sai ka yi ta ba shi wuta. Shi ya sa yake yi mini laushi, ba shinkafa ba ce. Shi ya sa wanda na shayar da sassafe ko ranar da gari ya lumshe yake yin kyau, na tsakar rana ya karye. Shekara guda ina zargin gawayi da mai da motocin zamani, alhali abin yana bisa kaina.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Ruwa ya kece, muka matsa tsakiyar rumfa. Na yanko 'yan tsinke biyu daga ragowar sifirin. Ɗaya na kai shi manja na tsoma, yadda ashe nake yi duk shekarar. Ɗayan na sa Malam Bello ya ɗaga tabarmarsa ya kare wutar, na cire a tattasai na gaskiya na tsoma. Na ɗora su a kan uwar maƙera na karya. Na farko ya ɓalle da duka ɗaya, cikinsa tsaki. Na biyu sai da na maimaita, kuma da ya karye cikinsa gari ne lukui, toka-toka, irin wanda rabona da gani tun ƙauye. Na miƙa wa Malam Bello su biyun. Ya juya su a tafin hannu ya ce shi bai san karatun ƙarfe ba, amma ya ga ɗaya ta fi ɗaya kyau. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi, ban san sau nawa na faɗa ba.

Bakin garmar da ya sha wuta ban jefar ba. Ƙarfen da ya wuce wuri, in dai bai kai ga tartsatsi ba, yana da magani, Baba na kiransa hutu. Ka bar shi ya huce da kansa a iska, ka mayar ka kai shi tattasai kawai, ka sake bari ya huce, har sau uku. Ƙwayoyin da suka kumbura sai su koma ƙanana. Haka na yi, Malam Bello na riƙe da tabarma, Ɗanjuma na juya wili yana cewa yau dai Bafulatani ya koyi sana'a. Na shayar, na goge, na jira wuyan tattabara. Da na ɗauko abin buga alama hannuna ya tsaya. Malam Bello ya ce, "Buga mana." Na buga ɗigo uku.

Ruwa na ɗaukewa sai ga ɗan gwangwan da baro da sikeli. Na ce masa ya yi haƙuri, uwar maƙera ta fasa tafiya. Ya fara ɓata rai, ya ce ya turo baro tun daga nesa cikin taɓo. Ɗanjuma ya ja shi bayan rumfa ya nuna masa tudun karyayyun garemani ya ce, "Kwashe wannan, abin kunyar gwani ne, ka yi nisa da shi." Ya cika baro ya tafi yana murna. Washegari da safe na je kasuwa na sayo zana huɗu, kuma na aika wa mai shagon siminti ya nemi wani.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don tsinke a kan uwar maƙera daban, gonar Kwatarkwashi daban. Kwana goma sha biyu ina kallon hanya. Ran na sha uku sai ga Malam Bello, da buhun nan dai na bara a kafaɗa. Na gane shi da facin da ke gindinsa. Ya zauna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi Ɗanjuma da ke zaune a gabansa. Na ce, "Malam Bello, don girman Allah zazzage buhun nan." Ya ce a'a, wannan ba a zazzage shi. Ya sa hannu a hankali ya fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi, sannan ya fito da guntayen sifirin uku, ya ce na maƙwabtansa ne, kowa irin tasa yake so.

Na ce, "Garmar fa?"

Ya ce, "Tana gona, ina za ta? Ta haɗu da dutse sau biyu. Dutsen ne ya ji jiki."

Bayan ya tafi na ce wa Ɗanjuma, ko Baba ya san dalilin zanar nan, ko shi ma gada ya yi yana yi? Ya ce, "Ya sani mana. Kullum sai ya faɗa maka, da Hausa kuma. Kai ne ka tsaya jiran tofi." Ashe Baba bai tafi da komai ba, duk abin da yake da shi ya ba ni tun ina ɗan shekara goma, ni ne na raina shi don ya zo a naɗe cikin zana.

Daga baya wani malamin makarantar sana'a da ke kawo mini gyaran almakashi ya nuna mini cewa mayen ƙarfe yana daina kama sifirin in ya kusa kai wurin shayarwa. Ga shi can na rataye, na cikin tsohuwar rediyo ne, yana taimako. Amma shi iyakarsa ya ce maka an kai, ba zai ce maka an wuce ba. Wannan sai ido, ido kuma sai inuwa. Sai da aka yi damina biyu kafin manoman Bungudu su daina ajiye fartanya in sun ga ɗigo uku, kuma ban ga laifinsu ba.

Yawwa, ga mai gawayi can ya iso. Gatarin jiya na nan bai sha mai ba, na bar shi ne don ku. Kai mai wayar, sa ta a aljihu ka matso nan kusa da ni. Zan zaro shi a haske ka faɗa mini launin da ka gani, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Kai kuma mai maganar asiri, tsaya a bakin ƙofa ka kama igiyar nan. In na ce maka saki zanar, ka saki.